Saukar da Gwaggo Ta Ji

Litinin, bayan azahar

Sun kira. Ina zaune a ofis ina lissafa man da jirgin saman wani zai sha, sai ga waya. Wata mata mai murya irin ta masu karanta labarai ta ce kamfaninsu na gayyatata intabiyu nan da mako uku, ranar Alhamis, gurbin mataimakiyar matuƙi. Na yi mata godiya har ta gaji, na ƙara da "a gaida gida", kamar na san gidan.

Shekara huɗu da karɓar lasisina na tuƙin jirgi. Shekara huɗu ina tsara wa wasu hanya, ina kallonsu ta taga suna tashi su bar ni da kwamfuta. Yau ranar tsalle ce. Na shiga banɗaki na kulle ƙofa ina jiran murnar ta iso, sai wani abu daban ya taso. Na kuskure baki na koma kujerata. Ba yau ya fara ba.

Litinin, da yamma

Mai Lif ya sure ni a tsakiyar falo yana juyi da ni yana cewa "Kyaftin! Kyaftin!" Mijina ke nan. Gyaran lif yake yi a dogayen gine-gine, kullum yana cewa sana'armu ɗaya, hawa da sauka, nasa dai da igiya. Na ce ya ajiye ni a hankali. Ban taɓa ce masa a hankali ba, ya ɗan dube ni, sannan murna ta sake ɗauke shi.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, tana wurinmu tun watan jiya saboda likitan kunne. An ba ta na'urar ji, ta kulle ta cikin gwangwanin allura, wai tana sa ta jin abin da bai shafe ta ba. Ta tambayi me ake wa ihu. Ya kai baki kunnenta ya ce, "An kira ta aikin jirgi!"

Ta ce, "An kira ta girki? To ai gara, don yau ban ga ta ɗora komai ba."

Gaskiyarta. Warin albasa ne ya koro ni.

Talata, da safe

Na tsaya kantin magani na sayi abin gwajin nan na mata. Ban buɗe ba. Yana cikin jakar tuƙina, can ƙasan taswirori.

Laraba, bayan asuba

Layi biyu.

Laraba, da hantsi

Na sake dubawa ko ɗayan ya gaji ya tafi. Yana nan daram.

Bari in rubuta abin da ke gabana, don shi ne aikina. Ranar Alhamis ɗin za a sa ni cikin sim, wato ɗakin gwajin nan da aka ƙera kamar gaban jirgi, mai girgiza da mutum kamar da gaske. Daga nan a zauna da mutum uku su yi ta tambaya. Wanda ya tsallake zai ga likitan kamfani. Wanda ya tsallake likita, wata mai zuwa za a tura shi horo na watanni a kan babban jirgi, nesa da gida. Dokar aikinmu ta ce duk abin da ya canza a jikin matuƙi sai ya sanar. Ba ta ce ran da ya ga dama ba.

Na karanta babi ɗaya a kan injin. Na kai ƙarshe ban san me na karanta ba, na koma farko.

Juma'a, da la'asar

Na je wurin Malam. Shi ya fara ɗora hannuna a kan sandar tuƙi ina yarinya ɗanya, yanzu ya yi ritaya, gemu fari fat, baki kuwa bai yi ritaya ba. Ya samo mana lokaci a sim ɗin makarantar.

Tashi lafiya, juyi lafiya, ya kashe min inji ɗaya na riƙe jirgin. Sauka ce ta tona min asiri. Sau uku ina buga shi da ƙasa, har kujerar ta yi ƙara, ni kuma duk bugu ɗaya hannuna na hagu sai ya saki abin da yake riƙe da shi ya tafi inda ba a aike shi ba.

"'Yar nan, kin saba da ƙaramin jirgi," in ji Malam. "Can kina zaune kusa da ƙasa, nan kuwa a bene kike. Kina ɗaga hancinsa da wuri, ya yi ta shawagi, sannan ya faɗo kamar buhu. Saukarki ce matsalar, sauran duk kin iya. Kuma me hannun nan yake nema a jikinki? Ƙaiƙayi?"

Na ce bel ɗin kujera ne ya matse ni.

Da za mu rabu ya maimaita min karatun da na haddace tun ina ɗaliba: abin da kika gani a jirgi ki faɗa da baki, ko kina zaton na kusa da ke ya gani, shiru ya kashe mutane fiye da lalacewar inji. Ya ce haka nan a gaban masu tambaya, kada in yi musu ado. "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Duk karin maganar duniya ya rasa wanda zai ɗauko sai wannan.

Asabar, da safe

Ba zan rubuta wancan karon ba. Shekara biyu ke nan. Mun yi saurin faɗa wa kowa, kowa ya yi saurin murna, daga baya muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna janye maganar. 'Yar hular da Gwaggo ta saƙa tana cikin akwatin da ke saman wadirob. Na san tana nan, shi ma ya sani, ba wanda ya taɓa taka kujera ya sauko da akwatin.

Fuskarsa a barandar asibiti ce ba na so in sake gani. Shi ya sa. Ko kuwa tsoro nake ya ce kada in je intabiyun? Ko tsoron ya ce in je? Na rantse ban sani ba.

Asabar, da yamma

Ina ɗaki ina bitar tambayoyi a gaban madubi. "Me ya sa za mu ɗauke ki?" Na ba madubin amsa uku, ko ɗaya bai gamsar da shi ba. Ina jiyo Mai Lif a falo yana waya da Yaya, babbar yayarsa, da muryar nan tasa ta wanda ya saba magana daga ramin lif.

"Komai ta iya, Yaya, saukar ce kawai take jin tsoro. E, saukar. Malaminta ya ce in ta kwantar da hankali ba komai. Ku dai ku sa ta a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya."

Gwaggo na gefe tana ɗinke masa aljihun rigar aiki. Ban kawo komai a raina ba.

Lahadi, bayan azahar

Innalillahi.

Tun safe waya ke ƙara. Matar kawunsa ta ce barka da arziki. Na ce ai ba a yi intabiyun ba tukuna, ta yi dariya ta ce kunya ce. Wata 'yar'uwarsu ta ce in rage hawa bene. Kafin azahar sai ga Yaya da kanta, da leda cike da lemo da ayaba, ta rungume ni tana hawaye tana cewa wannan karon mai zama ne in sha Allahu.

Ashe Gwaggo, wadda ba ta jin ƙarar tukunya in ta faɗi a bayanta, ta tsinci kalma ɗaya jiya ta yi gaba da ita. Ta ari wayar maƙwabciya ta sanar da dangi kaf cewa ina da abin da nake da shi, har an fara addu'ar sauka.

Mai Lif ya yi dariya har ya dafa bango. "Yaya, saukar jirgi! Jirgi! Tayoyi a kan titi!" Ya yi mata kwatance da tafin hannu. Yaya ta share hawayenta ta rasa inda za ta sa fuska, ta ce to a sha lemon dai. Ni ma na yi dariya. Ban san da wane baki na yi ta ba.

Mama ta kira, ranta a ɓace. "A bakin dangin mijinki zan ji?"

Na ce, "Mama, saukar jirgi yake nufi."

Ban yi ƙarya ba. Shi saukar jirgi yake nufi.

Lahadi, bayan la'asar

Da baƙi suka watse dariyar ta bar fuskarsa. Ya je ya tsaya a kan Gwaggo. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya don faɗa ba, sai don ta ji.

"Gwaggo, kin san abin da muka sha. Kin san yadda yarinyar nan ta kwanta wancan karon. Yanzu tana fama da karatu kin tara mata jama'a suna fama mata ciwo? An ba ki abin ji kin ƙi sawa, sai ki ji rabi ki ƙarasa da kanki!"

Gwaggo ta dakata da ɗinkin. Ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ina tsaye a ƙofar kicin riƙe da ledar lemo. Kalma uku kawai zan faɗa in wanke ta, amma suka ƙi fitowa. Ta naɗe rigar da take ɗinki, ta soke allurar a jiki, ta shige ɗakinta.

Ya zo ya kama hannuna ya ce in yafe mata, tsufa ne. Sai ya ƙara a hankali, kamar da kansa yake, "Da ma gaskiya ce." Ya yi saurin cewa a'a, ba yanzu ba, yanzu lokacinki ne, Kyaftin.

To wanne zan ɗauka?

Litinin

Gwaggo ta ci abinci a ɗaki.

Talata, da rana

Na kira Doguwa, wadda muka yi makaranta tare, ita tuni take tashi da manyan jirage. Na ce wata ƙawata ce ke tambaya, an kira ta intabiyu sai ta tarar da kanta a wani hali.

"Wane hali?"

"Hali dai. Na mata."

Ta ce, "Ki gaya wa ƙawarki, a teburin tambaya ba su da hurumin tambayarta wannan. Ta yi shiru ta ci jarrabawarta. Sai dai likita na nan gaba, shi kuwa ba a yi masa wayo. In ta faɗa da wuri za su yi mata murmushi su ɗauki na bayanta, in ta bari likita ya gano za su ce ta ɓoye. Gaba kura baya siyaki."

"To me za ta yi?"

"Oho. Amma ki ce mata ta riƙa cin busasshen biskit kafin ta tashi daga gado. Kuma ki ce mata ina yi mata murna, 'yar banza."

Na kashe wayar ina dariya ina kuka, wani injiniya ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na ce lissafin mai ne bai fita ba.

Laraba, da safe

Iskar gefe, iyakarta nawa a wannan jirgin? Na sani jiya. Na sani tun shekara huɗu.

Alhamis, da hantsi

Na ce wa shugabana zan je banki, na tafi asibiti, wani can nesa da unguwarmu. Likitar ta shafa min abu mai sanyi ta juyo da allon na'urar hoto wajena. Na ƙi kallo. Wancan karon a irin allon nan ne aka yi ta nema ba a samu ba.

Ta ce, "Hajiya, dubi mana."

Wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa, kamar fitilar fiffike in jirgi ya yi nisa. Ta ce komai lafiya a yanzu. Na riƙe "a yanzu" ɗin nan na fito da ita. Na tambaye ta batun girgizar sim, ta ce a yi a hankali, kwana ɗaya ba zai yi komai ba. Na tambaye ta batun horo na watanni, ta ce wannan tsakanina da dokar aikinmu ne, amma tunda an taɓa samun matsala ita za ta so ta riƙa ganina kusa kusa. Ta ce in dawo in an kwana biyu, lokacin za a iya jin bugun da kunne, in zo da maigidan.

Na ce to.

Juma'a, da la'asar

Sim. Sauka biyu sun yi kyau, ɗaya buhu. Malam ya ce in ban gamsu da yadda na tunkari titin sauka ba in ƙara wuta in zagayo, ba wanda aka taɓa kora don ya fasa sauka, waɗanda ake kora su ne masu nacewa. Ya ce na rame. Na ce karatu ne. Ya ce a zamaninsu karatu ba ya sa mutum tofar da yawu.

Na ɗauki jakata na yi masa sallama.

Lahadi

Mai Lif ya mayar da teburin cin abinci ofis. Ya sa kwat, ya ɗaure fuska, ya zama shugaban matuƙa. "Malama, ba mu labarin ranar da kika saɓa da na gaba da ke." "Malama, mene ne rauninki?" Na ce sauka. Ya ce kada in kuskura in faɗi haka, in ce ina da yawan son aiki ya fita daidai.

Sai ya ce, "Tambaya ta ƙarshe. Akwai wani abu da ya kamata mu sani game da ke?"

Na kalli hannunsa a kan tebur, baƙin mai ya zauna masa a gefen farce, sabulu ya gaji da shi. Na buɗe baki.

Ya ce, "Nan sai ki ce babu, ki yi godiya, ki tashi. Kada ki tsaya dogon labari."

Na ce babu, na gode. Ya tafa min. Ƙofar Gwaggo a buɗe take kaɗan, kuma har yau gaisuwa kawai ke haɗa ta da shi.

Talata, da yamma

Na gwada kayan da zan sa. Wandon kwat ɗin ya ƙi rufuwa, saura kaɗan, kamar faɗin yatsa. Na ja numfashi na rufe da ƙyar, na zauna na ji kamar za a raba ni biyu. Na cire na rataye a bayan kujera. Zan sa haka nan, awa nawa ne.

Ina so in tuƙa jirgin nan. Bari in rubuta don kada in manta. Tun ina 'yar firamare nake so, na ji gori iri iri a kansa, na zauna shekara huɗu a bakin taga. Ina so. Ɗayan ma ina so, har tsoron faɗa nake yi kada a ji a ƙwace. Mutum yana iya son abu biyu haka har ya rasa wanda zai roƙa in ya ɗaga hannu?

Laraba

Gobe.

Alhamis, da sassafe

Wandon ya rufu.

Na tsaya ina mamaki, na duba. An cire maɓallin an matsar da shi gefe, faɗin yatsa, an ɗinke da baƙin zare, ɗinki ƙanana masu kyau. An goge kayan. A aljihun kwat ɗin akwai yankan lemon tsami a ƙulle cikin leda.

Na je ƙofarta. Tana kan sallaya ta ba ni baya. Na ce, "Gwaggo, na tafi." Ba ta juyo ba, wataƙila ba ta ji ba. Ban san kuma me take ji da abin da ba ta ji ba.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta shi a jere kafin ya ruɗe.

Mu shida ne a ɗakin jira, kowa ya sa baƙar kwat, kowa na yi wa kowa murmushin ta ciki na ciki. Wani yana ta karanta ƙananan katuna yana motsa baki. Na tsotsi lemon tsamina a ɓoye.

A sim aka haɗa ni da wani matashin kyaftin, shugaban matuƙa na zaune a baya da allon rubutu. Dattijo ne mara fara'a. Tashi lafiya. Da na juyo zan sauka suka sako min iskar gefe, na ga na yi sama da yawa, titin na gudu a ƙarƙashina. Zuciyata ta ce danna shi ƙasa a wuce wurin. Bakina ya riga ta, na ce na fasa, zan zagayo. Na ƙara wuta muka tashi. Karo na biyu na jira, na jira, sannan na ɗaga hancin. Tayoyin suka taɓa ƙasa da ɗan ƙarfi, amma a inda ya kamata. Hannuna na hagu bai je ko'ina ba. Dattijon ya rubuta wani abu.

A teburin tambaya su uku ne, shi da matashin da matar nan mai muryar labarai. Da Turanci aka yi, yaren aikin. Inji, yanayi, man ajiya, duk na amsa. Iyakar iskar gefe ta dawo min da kanta. Dattijon ya tambayi dalilin da ya sa na fasa saukar farko. Na ce abin da na gani bai yi min ba, kuma an koya min in faɗi abin da na gani. Ya gyaɗa kai.

Matar ta rufe fayil ta ce, "Akwai wani abu da ya kamata mu sani?"

Babu, na gode, in tashi. Na haddace.

Na ce, "Ina da ciki."

Ga shi na rubuta. Karon farko ke nan da na faɗa, kuma ga mutum uku da ban san su ba. Matashin ya kalli tebur. Matar ta ce tana taya ni murna, ta sake buɗe fayil ɗin ta rubuta layi ɗaya. Ta ce za su tuntuɓe ni. Dattijon ya tashi ya buɗe min ƙofa da kansa, da na zo wucewa ya ajiye Turancin ya ce da harshen gida, "Allah ya sauke ki lafiya."

Na ce amin. Har na kai ƙasan bene ina tambayar kaina wacce yake nufi.

Alhamis, da magariba

Mai Lif na jirana a motar aikinsu, ya gudo daga wani gini da kayan aiki a jikinsa. Ban gama rufe ƙofa ba ya ce, "Yaya saukar?"

Na ce, "Ta farko na fasa, ta biyu ta yi."

"Alhamdulillahi! To me ya sa fuskarki haka?"

Na ce, "In mun je gida ka ba Gwaggo haƙuri."

Ya ce haƙurin me, ai ita ce, sai ya tsaya. Na ga maganar ta maƙale masa kamar lif tsakanin bene biyu. Ya kalli fuskata, ya kalli ƙasa da fuskata. Ya kifa kai a kan sitiyari, hon ya yi ƙara, mai gadi ya leƙo. Da ya ɗago idonsa jawur.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa.

"Ranar da na yi wa Gwaggo faɗa kin sani?"

Na ce e.

"Su masu intabiyun fa?"

Na ce na gaya musu ɗazu.

"Su kika fara gaya wa." Ba tambaya ba ce. Ya tada mota. Mun yi rabin hanya yana tafiya a hankali har na baya suna zaginmu, duk rami sai ya kauce masa. A wata jar wutar hanya ya miƙo hannu ya sassauta min bel, bai dube ni ba.

A gida ya durƙusa a gaban Gwaggo ya fara jero haƙuri da ƙarfi. Ta bar shi ya gama tas. Sannan ta ce, "Tashi, shashasha. Ni kurma ce, ba makauniya ba. Tun kafin ka yi wayarka nake ganin tana gudun kicin."

Na kira Mama. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta sake yin faɗa.

Asabar

Ba su kira ba. Yana magana da ni, amma kamar yana taka ƙwai. Jiya ya ce ya gane dalilina, yau ya ce bai gane ba. Ni ma haka.

Litinin

Shiru.

Laraba, bayan azahar

Sun kira. Matar ta ce kwamitin ya yaba da ni ƙwarai, musamman shawarar da na yanke a sim. Ta ce sai dai ba a wannan rukunin ba. Za su riƙe takarduna, in tuntuɓe su in na shirya. Na tambaye ta yaushe za a ɗauki wani rukunin, ta ce ba ta da masaniya, ya danganta da jiragen da za su saya. Wannan karon ban ce a gaida gida ba.

Doguwa ta ce wani lokacin da gaske suke yi, wani lokacin kuma hanyar sallama ce. Malam ya ce zagayowa ce kawai, in duba mai in sake tunkara. Ban san wanda zan gaskata ba.

Na shiga banɗakin nan dai na kulle na yi kuka sosai, na baƙin ciki, ba na komai ba. Na fito na tarar da aiki a kan tebur, jirginsu ne ma, na yamma. Na lissafa masa mai, na ƙara masa na zagayowa, na tsaya a taga har ya shige gajimare.

Alhamis, da safe

Yau za mu koma asibiti a ji bugun. Mai Lif ya ɗauki hutu, tun ɗazu yake neman makullin da ke hannunsa. Akwatin na nan saman wadirob, mun yarda a bar shi tukuna.

Muna shirin fita sai ga Gwaggo ta fito da mayafi da takalmi. Ya ce mata da ƙarfi ba daɗewa za mu yi ba, ta zauna ta huta. Ba ta kula shi ba. Ta buɗe gwangwanin allura, ta tono na'urar daga cikin zare da maɓallai, ta hure ta, ta cusa a kunne. Na'urar ta yi 'yar ƙara, ta yamutsa fuska.

"Daina yi min ihu," ta ce masa. "Wannan kam ya shafe ni. Mu je."